Mai Furfura a Bayan Kyamara ta Biyu

A ɗakin koyon aikin talabijin na kwalejin, wani mai furfura na tsaye bayan kyamara ta biyu, cikin ɗaliban da a haife ya haife su. Kawu suke ce masa. Kafaɗarsa ta dama ta rankwafa, irin ta wanda ya shekara ashirin yana ɗaukar bidiyon biki. Da alama takardar shaida ya zo nema, don gidan talabijin ba ya ɗaukar mutum da "wallahi na iya".

Yau jarrabawa ce, shiri kai tsaye, wanda ya faɗi kuma sai baɗi. Zufa na bin ƙeyarsa duk da sanyin ɗakin. Darakta, sa'ar autarsa, na magana ta na'urar da ke kunnensa: "Kawu, jar fitila ta kama, hotonka ke fita. Don Allah ko tari kada ka yi."

Mutumin da a gidan biki ko uwar amarya ba ta tsallake umarninsa!

Ga baƙuwar shirin ta sunkuya, ɗankwali ya zame, haske ya bar fuskarta. "Hajiya, ɗago kaɗan" na kan harshensa. Yana furtawa makirufo zai kwashe, malami ya ja jan biro.

Ya kai babban yatsa baki, ya cije. Idanunsa sun kaɗa, yana kallon hoto mafi muni da ya taɓa ɗauka.

"Yauwa, Kawu," in ji darakta. "Haka ake so."