Jitar Mahaifina a Jikin Hita

Shekara uku ke nan, kuma ban huce ba. Ko ƙarar tururin hita, ƙarfen nan na ɗumama ɗaki, na ji a cikin gini, sai raina ya ɓaci.

Abin da mahaifina ya bar mini a duniya jita ce, irin ta bes mai kauraran tsirkiyoyi huɗu, wadda ake jona wa lantarki. Ba mu da kaset ɗinsa ko ɗaya. Idan ina son jin sa, ita nake ɗauka. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Kanta, wurin kunnuwan da ake murɗa tsirkiya, ba miƙaƙƙe ba ne irin na sauran jitoci. A naɗe yake kamar wutsiyar hawainiya, ya ɗan kwanta baya, kuma daidai inda ya haɗu da wuya katakon siriri ne ƙwarai. Duk wanda ya gan ta sai ya yi dariya tukuna. Amma ta sha bayan akori-kura, ta sha bukukuwan Jos da kewaye, wuyan nan bai taɓa ko lanƙwasa ba. Da zan taho New York, akwatin tufafi guda na bari don in zo da ita.

Cocinmu a ƙasan wani bene yake a unguwar Mount Hope, ni ne mai kaɗa bes. Mai ganga wani dattijo ne direban bas, mutumin kirki, amma ba a gaya masa magana. Gangarsa ta fata ce, daga gida ya zo da ita. A gida idan sanyi ya sa fata ta saki, kusa da wuta ake kai ganga, ta ɗaure, muryarta ta fito. Nan babu murhu, sai ya mayar da hitar coci murhunsa, wannan ƙarfen da ko hannu ba ka iya ɗorawa a kai.

Wata Asabar a tsakiyar hunturu muna cikin gwajin waƙa aka kira ni asibitin da nake aiki. Na sa jitar a akwatinta, na rufe, na ajiye a lungu. Lahadi da safe na tarar da akwatin a buɗe. Ga ta can a jingine jikin hita, kusa da ganga. Kan ya ɓalle, yana lilo a jikin tsirkiyoyi.

"Wa ya taɓa mini jita?" Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba.

Dattijon ya matso. "Ni ne, ɗana. Jiya na ji muryarta a shaƙe, na ce sanyi ne. Sai na sa ta ta sha ɗumi tare da tawa."

"Baba, ina fata a jikinta? Katako ne da gam! Ka tambaye ni? Akwatin ma a rufe yake!"

"Alheri na nufa."

Wannan maganar ce ta fi ƙona ni, don gaskiya ce, kuma ita ta ɗaure mini hannu. Nan take mata suka kewaye ni da yi haƙuri, yi haƙuri, sa'an babanka ne. Sa'an babana! Babana bai taɓa buɗe kayan wani ba. Kafin a tashi, fasto ya tsayar da mu biyu gaban jama'a, ya haɗa hannuwanmu. Na ce na yafe, aka yi guɗa. Ƙarya na shara a ɗakin Allah, kuma su suka sa ni.

Na kai ta wurin wani tsoho mai gyaran jita a Brooklyn. Ya daɗe yana juya kan nan a hannu, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana saurayi. Zafi ya busar da katakon, ya narka tsohon gam, tsirkiyoyin kuma suna ta ja, sai wurin da ya fi siranta ya saki. Ya manna shi tsaf, da ƙyar za ka ga tabon. Amma ya ce ranar da na ɗaure tsirkiyoyin yadda za su yi kiɗa, ranar zai sake ɓallewa, kuma babu gyara na biyu.

Coci ya sayo sabuwa, mai miƙaƙƙen kai da wuya kamar taɓarya, ko bas ta taka ta ba abin da zai same ta. Ita nake kaɗawa. Dattijon yana nan, duk Lahadi ya kai gangarsa jikin hitar nan, muryarta ras, ya gaishe ni da fara'a, tunda ai na yafe.

Tawa tana rataye a ɗakina da tsirkiyoyi a sake. Kwanan baya 'yata, wadda aka haifa a nan, ta tambaye ni cikin Turanci yadda kiɗan kakanta yake. Na sauko da jitar, na ja babbar tsirkiya. Ta bugi katako, ta ce faɗ, shi ke nan. Yarinyar ta ci gaba da kallona, tana jiran in fara.