Baba Bukar da launin injin motar mahaifina

Ko gama buɗe shago ban yi ba da safen nan a Kwari, sai ga kiran Oga Emeka, mai sayar da fenti a Sabon Gari. Ya ce, "Sadik, Baba Bukar ya tafi."

Na ce ina ya tafi? Sai na ji yana kuka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Bukar tsohon mai fentin mota ne a Fagge. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana feshi ba ko ƙyalle a hanci, har ƙirjinsa ya lalace. Da ya bar gareji sai ya koma zaurensa yana haɗa ƙananan motoci na da, waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Ƙofa tana buɗuwa, bonet yana ɗaguwa, ga inji a ciki.

A kan injin nan yake wahalar da kansa. Bai yarda a shafa baƙi a wuce ba. Ya ce kowace mota da launin da injinta ya fito da shi, kuma idan abu ya ƙanƙance launi yakan yi duhu, dole a ɗan sassauta shi. Da sirinji yake ɗiga fenti, ɗigo-ɗigo.

Bara na kai masa hoton akori-kurar mahaifina, wadda ya yi haya da ita har ya rasu, don ya haɗa mini ƙaramar irinta. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Na san direban nan. Ba ya barin fasinja a hanya." Ranar bai bar ni na tafi ba sai da muka ci tuwo.

Jikin motar bai ɗauke shi wata biyu ba. Launin inji ne ya tsayar da aikin. Hoton baƙi da fari ne, ni kuma ban tuna komai ba. Shi yana cewa ruwan toka ne mai ɗan kore, amma bai tabbata ba. Oga Emeka ya haɗa masa fentin ya fi sau goma, duk ya ce a'a.

Likita ya hana shi shaƙar tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Na san da haka, amma ban taɓa cewa ya bari ba. Kullum tambayata ɗaya, yaushe za a gama?

Ganinmu na ƙarshe, sati uku ke nan. Na same shi yana tari har yana dafa bango, ga murafen gwangwani a jere a gabansa, kowanne da irin tokarsa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, don Allah toka toka ce. Wa zai leƙa ciki?"

Ya jira tarin ya lafa, sannan ya ce, "Mahaifinka kullum da asuba sai ya leƙa. Ba zan sa masa injin wani ba, ɗana."

Na fita ko sallamar kirki ban yi ba.

Ya kira ni sau biyu ranar Talata. Ina tare da kwastoma, na ce zan kira anjima. Ban kira ba.

Yau a maƙabarta Oga Emeka ya gaya mini dalilin kiran. Ashe Baba ya hau adaidaita shi kaɗai ya je wajen 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya samo ruɓaɓɓen inji irin na motar, ya kankare baƙin mai har ya ga asalin fentin. Ya dawo yana haki, ya haɗa, ya shafa. Washegari aka kai shi asibiti, numfashi ya ƙi.

Iyalinsa sun miƙo mini motar a kwali. Tana nan kusa da ni, na kasa buɗewa.

Allah Ka gafarta wa Baba Bukar, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon nan ya zama kaffara. Ka ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a ko da kalma ɗaya ce. Ni ma ku sa ni ciki. Ban samu na ce masa ya yafe mini ba.