Shuɗin Zaren da Inna Ta Warware

A shekarun da na yi karatu a Makka, kowace Alhamis nakan bar ɗakin kwanan ɗalibai in tafi unguwar Tandabawi wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Ta zo aikin hajji tun kafin a haife ni, ba ta koma ba. Ɗaki guda take zaune da wata mata 'yar Damagaram, wadda nake kira Inna. Dukansu ba su da takardar zama, ɗinkin hannu suke yi wa matan unguwa. A gida Kano ana kiran Inna abokiyar zaman Gwaggo. A Tandabawi kuwa na taɓa jin wasu mata a matakala sun ambaci kalmar maɗigo, suka yi shiru da suka gan ni. Ban tambayi kowa ba. Abin da na gani da idona shi ne katifa ɗaya, da kuma yadda Inna ke gane ciwon kan Gwaggo tun kafin ta faɗa.

Suna da wani farin ƙyalle mai faɗi da suke yi wa ado da zare idan aikin mutane ya ƙare. Mata biyu ne a jikinsa a kan tabarma, ɗaya ta jingina da gwiwar ɗaya ana yi mata kitso. Ba su da fuska, domin Gwaggo tana tsoron hukuncin surar mai rai. Inna ce ta ɗinka Gwaggo da jan zare. Gwaggo ta ɗinka Inna, mai kitson, da shuɗi.

Jikar maƙwabciyarsu, haifaffiyar Makka, tana koyon zane a Jidda tare da wasu 'yan mata da ke baje zane-zanensu a kan hana mata tuƙi da tafiya ba izinin waliyyi. Wata rana ta ga ƙyallen a shanye bayan ƙofa, ta tsaya ta ƙare masa kallo. Sannan ta fito da wayarta ta nuna mana hotunan ayyukan matan wasu ƙasashe. Ta ce tun shekaru da dama mata masu neman 'yanci suka riƙa ɗaukar ɗinki da saƙa, aikin da ake rainawa, suna rataye shi a ɗakunan baje koli. A cikinsu akwai mata masu son mata, waɗanda har 'yan'uwansu na gwagwarmaya suka so su tura baya, sai suka zana rayuwarsu da kansu don kada ta ɓace.

"Hajja, ki bar ni in kai shi Jidda," in ji ta, cikin Hausarta da Larabci ya rinjaya. "Ba suna, ba komai."

Gwaggo ta yi dariya har da tari. "Ke da ba ki iya gaida mutane da Hausa ba, ke ce za ki rataye mu a bango? Ki kira mana 'yan jawazat masu binciken takardar zama mana, su kama mu su huta."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta naɗe ƙyallen ta tura ƙarƙashin katifa.

Gwaggo ta rasu a shekarar ƙarshe ta karatuna. Aka yi mata salla a Harami, maza suka tafi da ita maƙabarta, mu muka koma ɗaki. Ba a jima ba aka aiko daga Kano cewa ɗan Gwaggo zai zo umra da matarsa, zai kwashi kayan mahaifiyarsa a raba wa magada. Inna ba ta cikin magada. Maƙwabta kuma sun san da ƙyallen, ɓoye shi zai jawo tambayar da ta fi nuna shi muni.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na tarar da Inna zaune da reza da allura. Yarinyar nan mai koyon zane tana durƙushe a gabanta.

"To hoto kawai, Hajja. Ɗaya tak."

"Hoto yana da ƙafa, 'yar nan," Inna ta ce. "Ni na saba da bakin mutane. Ita kuwa tana kwance a kabari, ba ta iya ramawa." Ta juyo gare ni. "Riƙe min nan, ki ja sosai."

Na riƙe gefen ƙyallen. Ta fara daga ɗankwalin mai kitson, tana yanke shuɗin zaren tana zarewa a hankali don kada yadin ya yage. Shi kaɗai ne ɗinkin da Gwaggo ta taɓa yi ba don wani ya saya ba. Kafin la'asar Inna ta cire surarta gaba ɗaya daga ƙyallen. Ta tattara guntayen zaren ta ƙulle a bakin mayafinta.

Bayan na kammala karatu na koma Kano, na ga ƙyallen a gidan ɗan Gwaggo, an rufe keken ɗinki da shi. Jar macen tana nan, ta karkata kai baya, ba abin da ta jingina da shi. Idan haske ya faɗo a kai ana ganin hudar allura a jere inda gwiwar take a da.

Matarsa ta lura ina kallo, ta ce, "Hajiya ba ta samu ta gama shi ba, ko?"

Na ce Allah ya jiƙan ta. Ta ce amin, ta gyara masa zama a kan keken.