Fitilar Waya Ba Ta Mutuwa

Hamma ce ta fara zo mini. Ina tsaye cikin ruwa har ƙirji, can cikin kogon da ke gindin dutsen bayan ƙauyenmu, sai na ji ina ta jera hamma, kaina yana sarawa, numfashi kuma ina ja amma ba ya isata.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare a Dutse ba, ina gida ina jiran sakamako. Rani ya yi nisa, tuƙa-tuƙarmu ta lalace, mata suka koma ɗiba a kogon har ruwan bakinsa ya zama laka. 'Yar kawuna, abokiyar wasata, ta ce ai daga ciki akwai wani ɗaki mai ruwa garau, sai dai mashigar a ƙarƙashin dutse take, dole mutum ya nutsa, kuma 'yan boko irina ko kwata ba ma iya tsallakawa. Na ce mata na iya iyo tun ba ta iya ɗaurin zani ba.

Ba wai ban san yadda ake yi ba. Mazan garinmu in za su shiga, acibalbal suke kunnawa su ɗora a ƙwarya, su tura ta 'yar ratar da ke tsakanin ruwa da dutse. In wutar ta mutu, babu mai shiga. Ni na ɗauka don haske suke yi. Sai na ƙulle wayata a leda da fitilarta a kunne, na ɗaura igiyar guga a ƙugu, na ba ta bakin igiyar, na nutsa.

Na ɓulla a ɗakin, sai hammar nan ta fara. Da na juyo zan fita, ƙafata ta riga ta tayar da laka, ruwan ya koma kamar kunu. Fitilar na ci amma ko tafin hannuna ba na gani, mashigar kuma ta ɓace mini. Na fizgi igiya. Da yake ba mu yi wata alama ba, ita ta zaci ƙari nake so, sai ta dinga sako mini. Ina ja tana saki, ina salati, har igiyar ta ƙare a hannunta. A nan ta gane, ta kurma ihu, mata suka taru suka ja. Na tuna dutse ya bugi goshina. Daga nan sai farkawa na yi a asibiti.

Har yau ko kai na sa a bokiti sai gabana ya faɗi. 'Yan'uwa, duk ramin da ba ku ga ƙarshensa ba, rijiya ko kogo, kada gori ya shigar da ku. Iya iyo daban, iskar da za a shaƙa daban. Acibalbal ba haske take bayarwa kawai ba, in iskar ta gurɓace ita ce ke fara mutuwa don mutum ya tsira.

Ran nan a asibiti, bayan la'asar likita ya cire mini abin numfashi, ya ce da Inna ta kwantar da hankalinta, huhun ya washe, na tsallake. Inna ta yi hamdala. 'Yar kawuna, idanunta jawur, ta miƙo mini wayata a ledarta. Har lokacin fitilar tana kunne.