Alwalar Yaya a Duwatsun Abzin

Shekara uku na yi ina shirin tafiyar nan. Duk ranar Asabar sai in saka bulo biyu a jakar goyo, in taka daga gidanmu a Hayin Banki zuwa Kurmin Mashi in dawo, masu shaguna suna tambayata ko mashin ɗina aka sace. Abu ɗaya nake son gani da idona: wani kwazazzabo a duwatsun Abzin, arewa da Agadas, mai tafki a ƙarshensa. Tafiyar kwana huɗu ce a ƙafa daga inda mota take tsayawa.

Ana saura mako guda Yaya ya ce zai bi ni. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikacin gwamnati, mutumin da ko masallacin bakin layi a mota yake zuwa in rana ta buɗe. Da wane bakin zan ce masa a'a? Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu.

Ɗan jagoranmu wani dattijon Buzu ne marar yawan magana. Ranar farko ya raba ruwa, kowa ya goya jarkarsa. Ya ce wannan na sha ne kaɗai, salla kuwa da taimama za mu yi, ga ƙasa nan mai tsarki ko'ina. Yaya ya gyaɗa kai, har da ƙarawa da cewa ai haka malamai suka faɗa.

Ashe a baki ne kawai. Duk lokacin salla sai ya ce zai zaga, ya ɓace bayan dutse. Ni da wautata na ɗauka cikinsa ne ya ɓaci, har sannu nake yi masa. Leɓena ya tsattsage, ina kurɓar ruwa kamar magani, bawan Allah kuwa yana can yana alwala cikakkiya, kowace gaɓa sau uku, har da tsefe yatsun ƙafa.

Rana ta uku da azahar dattijon ya ga gemun Yaya yana ɗiga. Ya je ya ɗaga jarkar Yaya ya girgiza. Daga nan ya zaunar da mu ya ce saura tafiyar yini ɗaya, amma tafkin yakan ƙafe wata shekarar, in kuwa muka tarar da shi a bushe, abin da ya rage ba zai fito da mutum uku ba. Sai dai mu juya zuwa wata rijiya da ya sani, daga can mu nufi mota.

Na ce, "Yaya, me ya sa?"

Ya ce, "Ni fa zuciyata ba ta kwanciya da taimama alhali ga ruwa a bayana."

Wallahi da ƙanena ne da ya sha mari a wurin. Amma babban wa magajin uba. Ruwana muka riƙa rabawa da shi har rijiyar, kuma duk kurɓin da ya yi sai na ji zuciyata ta tafasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai da muka dawo Kaduna. A majalisar ƙofar gida bayan la'asar Yaya yake ba da labari, wai ko a tsakiyar hamada bai taɓa salla babu alwala ba. Jama'a suna ta masha Allah. Ni kuma ake tsokanata, wai na kwashi jiki na tafi kallon dutse na dawo ban gani ba. Ban taɓa tona shi ba, kunya ta hana.

Bara likita ya duba gwiwata ya ce ta gama ɗaukar kaya, ko bene in rage hawa. Yaya ne ya kai ni asibitin a motarsa. Muna dawowa, daidai gadar Kawo, ya juyo da fara'arsa yana tambayata yaushe za mu koma Abzin.