Rimot Ɗaya a Cikin Kwali

Abu uku na ɗora a sikeli ran nan: kayan da za su tashi zuwa Maraɗi da yamma, cinikin wata Hajiya da ta daɗe tana saye a hannuna, da kuma numfashina.

Sana'ata rimot, na talabijin da na iyakwandishan. Ina saro su a kasuwar Ataba, nan ƙasar waje da nake zaune, in ɗaure a falona a unguwar Faisal, in aika gida Maraɗi. Ciwona kuwa minshari ne mai sarƙe numfashi: da na yi barci sai harshe ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Na yi gyangyaɗi a tsakiyar ciniki, na yi a mikrobas, ƙaramar motar haya, har na wuce unguwarmu. Injin hura iska ta hanci ya gagare ni. Daga ƙarshe na sayar da filina na gida, aka yi mini aiki a Turai. Suka dasa 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirjina, da siririyar waya zuwa jijiyar harshe. Duk jan numfashi sai ta ɗan tsikari jijiyar da lantarki, harshe ya matsa gaba, hanya ta buɗe. Sai dai ba ta aiki sai an kunna ta da nata rimot kafin a kwanta.

Bayan azahar na zo kishingiɗa, na laluba ban gan shi ba. Maiɗakina ta ce, "Alhaji, da safe na gan shi a teburin falo, inda ka ɗaure kaya. Ka haɗa da naka ka sayar ke nan."

Sabo sai an yo odarsa daga Turai, ni kuwa na san irin barcin da nake yi kafin aikin. Na sa takalmi na nufi unguwar Hayyin Ashir, ɗakin ajiyar wani Bahaushen Sudan da ke tura mana kaya.

Ya ce, "Ya Hajj, an auna, an ɗaure, khalas, an gama. Ka yanke igiya, kayanka sun sauka daga motar yau."

Na ce, "Sauke su."

"Saboda rimot? Kai da kake da su kamar yashi?"

"Duk cikinsu babu mai kunna ni."

Kafin in taɓa wuƙa na kira Hajiya, wadda odarta ke cikin kayan, na faɗa mata gaskiya. Ta ce masu sayayyar salla ba sa jiran kowa. Ta ƙara da "Allah ya ba ka lafiya," ta kashe waya. Na gane abin da take nufi.

Na tsuguna ina farka kwali bayan kwali, gumi yana ɗiga daga gemuna, motar kuma ana ta loda mata kayan wasu. Ta tashi ina gani. Can na same shi kwance cikin fararen rimot na iyakwandishan. Ban taɓa karɓar kaya ban gwada ba, don haka na kara shi a ƙirji na danna. Harshena ya zuro waje da kansa.

Mutumin ya ce, "Na sauke maka kaya, kuma gwalo za ka yi mini?"

Kaya sun isa bayan salla. Hajiya ta koma wajen wani, har yau ba ta dawo ba. Biyu sun tafi, ɗaya ya tsaya, kuma shi ne wanda ba a sarowa a Ataba.