Kiwon da Na Ba Kaka

Ina aji biyar na firamare dodannin nan suka shigo Samaru. A cikin ledar cingam suke zuwa, kowace leda da kati ɗaya, kowane kati da hoton wata ƙaramar dabba da ba a taɓa gani a dajin kowa ba. Nan da nan muka haukace. Yaron da bai iya haddar lissafi ba sai ka ji yana zayyano wanda ke fesa wuta da wanda ke rikiɗa idan ya girma.

Nawa sun cika gwangwanin madara, amma ɗaya ce ta fi kwanta mini a rai: wata bushiya mai ƙaho uku, katinta na ƙyalli. A unguwar Muciya na samo ta, wurin ɗan gwaggona, bayan na ba shi kati tara da rabin burodi. Duk layinmu ni kaɗai ke da ita, kuma ban bar kowa ya manta ba.

Ran nan Mama ta dawo daga taron Zumuntar Mata fuska a ɗaure. An gaya musu wai aljanu ne ake saka wa yara a aljihu. Ta ce ranar Asabar, idan an hura wutar ɗumame, in kawo gwangwanin da hannuna a ƙone su.

Na ruga ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, ina kuka har da majina. Ta zazzage katunan a tabarma tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, yadda take duba haƙoran akuya a kasuwa.

"Maigidana, waɗannan ramammun me suke ci?"

Na ce ba sa ci, amma suna girma, suna ƙara ƙarfi.

"To ai dabbobi ne. Ka ba ni kiwo."

A ƙauyensu haka ake yi: ka kai akuyarka hannun wata ta riƙe maka, kuma muddin tana can, ba mai taɓa ta sai da izinin mai kiwo. Da Asabar ta zo, Kaka ta ce wa Mama dukiyar tana hannunta amana. Mama ta dubi surukarta, ta koma kan tukunyarta.

Wata biyu suna kwance a kwallar Kaka, kusa da daddawa. Da maganar ta lafa, na je karɓa, suna ta warin miya. Ina murna zan fita ta riƙo rigata.

"Ina za ka? Mai kiwo fa tana da rabonta."

Na miƙa mata uku masu kyau. Ta ture su, ta sa yatsa ta zaro bushiyata. Na yi magiya, na yi birgima, na ce na sake ta, ta ce ita ma dama ta gaji da miji marowaci. Wallahi na ji haushinta sosai, sati guda ban ɗebo mata ruwa ba.

Ranar Lahadi ina zaune bayanta a coci ta buɗe littafin waƙoƙinta. Kaka ba ta iya karatu ba, don ado take riƙe shi. Sai ga ƙyalli a tsakiyar shafi. Ga Mama a damanta, ga shugabar Zumunta a hagunta, bushiyata na kallonsu duka. Kaka ta waiwayo ta kashe mini ido, ta ɗaga murya ta ci gaba da waƙa.

Littafin yana wurina yanzu. Katin na nan inda ta bar shi, ban cire ba, don rabonta ne.